Jakar Gilasan Baban Ziyad

Ku matso kusa, 'yan uwa, ku ɗan ajiye abin da kuke yi, don abin da ya same ni a makon nan ya fi ƙarfin in riƙe shi ni kaɗai. Wadda ba ta san ni ba, sunana Adawiyya, 'yar Alhaji Isa mai turare ta nan Garwa. Ni ce wannan da kuke gani a gidajen biki da mayafi ɗaure a ƙugu, ina tsallake ƙafafun mata ina cewa “ku yi haƙuri, ku ɗan dubo nan.” Hoto nake ɗauka. A hannun Tanti Berthe nake aiki, mai situdiyo a hanyar babbar kasuwa, kuma ita ta koya min komai, tun daga riƙon kamara har lallashin amaryar da ta rantse ba za ta yi murmushi ba.

Duk tsawon lokacin nan da kamarar situdiyo nake aiki. Bana Allah ya nufa zan mallaki tawa. Baba zai tafi Dubai saro kaya ranar Asabar, ya ce zai sayo min babba, irin wadda ake saya sau ɗaya a daɗe ana mora.

“Ni turare na sani,” in ji shi. “Suna ɗaya tak za ki faɗa min kafin in tafi. Kada in je can ki dinga bugo min waya kina canja ra'ayi kamar mai zaɓen atamfa.”

Wanda bai san harkar ba zai ce ina abin wahala, kamara ai kamara ce. Ba haka ba ne. Babbar kamara kashi biyu ce: akwai jikinta, akwai gilashin da ake ɗaura mata a gaba, wanda mu a nan muke ce wa objektif. Kowane kamfani da irin bakin da yake yi wa tasa, gilashin wannan ba ya hawa jikin waccan haka kawai. Kenan ranar da kika sayi jiki, kin zaɓi gilasan da za ki dinga saya har ki yi furfura. Na ƙarar da data wajen kallon masu gwaji, na dami Tanti da tambaya har ta fara ɓuya in ta hango ni, a ƙarshe na tsaya a kan biyu, Sony da Nikon. Dukansu babu ta yarwa.

Yanzu bari in kawo muku Ziyad. Malamin gona ne, yana zagaya gonakin auduga a wajen Ngong. Dogo ne, baƙi, mai magana a hankali kamar yana tsoron kada ta zube masa. A kan gadar Binuwai muka fara haɗuwa, ni ina ɗaukar wata amarya da angonta, shi ya kafa wata ƙatuwar kamara yana jiran dorina ta ɗago kai daga ruwa. Ya ce min na tsayar da mutanena rana tana dukan idonsu. Na ce masa ya ji da dorinarsa. Da haka aka fara.

Magabatansa sun daɗe suna son zuwa neman aure, amma Baba ya ce ba zai ba kowa rana ba sai an ji daga bakina. Tunda uba ba ya zaunar da 'yarsa ya yi mata irin wannan tambaya, sai ya ɗora wa yayarsa, Gwaggo Iyatu. Gwaggo kuwa ba ta san kwana-kwana ba.

“Ke Adawiyya, zo nan. Yaron nan mai dogon wuya, kina son sa ko a sallame shi?”

Sai in ja mayafi in rufe fuska.

“Ni ban iya yaren mayafi ba. Magana za ki yi.”

“Gwaggo, na bar tukunya a wuta.”

“Tun yaushe kika fara girki a gidan nan?”

Kafin ta rufe baki na ɓace. Kada ku ce iyayi ne. Ni da nake iya tsayawa a tsakiyar taron mata in ce wa uwar ango ta gyara ɗaurinta, da an ambaci Ziyad a gaban manya sai harshena ya yi nauyi, kunnuwana su ɗauki zafi. Ina son sa, wallahi ina son sa. Ku ɗin ma na faɗa muku ne don ba kwa ganin fuskata.

Ran Lahadi bayan La'asar ya zo zance. Na sa doguwar rigata mai ruwan ƙasa da ɗan siririn mayafi, na shafa humrar da Baba ya hana a sayar, na fita. Yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida, da wata tsohuwar jakar fata a kan cinyarsa, ya riƙe ta da hannu biyu.

“Na ji kina ta wahalar zaɓe,” ya ce. “Na kawo miki wani abu ki gani.”

Da ya buɗe, wani ƙamshi ya taso, na tsohuwar fata da kafur. A ciki huluna ne, tsofaffin huluna masu aikin hannu, kowacce a dunƙule. Ya warware ɗaya, sai ga gilashin kamara, baƙi, mai nauyi, lambobin jikinsa sun fara gogewa.

“Na Babana ne,” ya ce. “A hulunansa yake naɗe su, ni ma ban canja ba.”

Mahaifinsa, Malam Jafaru, mai hoto ne a unguwar Yelwa, ya rasu Ziyad yana lise, wato sakandare. Rabin hotunan auren iyayenmu a garin nan shi ya ɗauka. Na karɓi gilashin ina tsoron numfashi a kansa. Na murɗa shi, ya juya sumul kamar an shafa masa man shanu.

“Duk na Nikon ne. Idan ita kika saya, akwai ɗan mahaɗin da ake sawa, duk za su hau. Tun da ya rasu ba wanda ya taɓa su sai ni.” Ya kalli ƙasa. “Sai ke yanzu. Ki riƙe jakar, ga tawa kamarar ma, ki gwada a wurin aiki. Amma don Allah wadda ta dace da ke za ki zaɓa.”

A daidai nan Gwaggo ta fito da jug ɗin zoɓo mai sanyi, abin da ba ta taɓa yi wa baƙon kowa ba. Ta ajiye, ta kalli jakar, ta kalle ni, ta kalle shi, ta ce “Uhm,” ta koma. Ni kuwa hankalina yana kan huluna, ban kawo komai a raina ba.

Sai ran Alhamis da safe na san abin da “uhm” ɗin nan ya haifa. Ina guga, zan tafi ɗaukar lallen wata amarya, Bilki, a unguwar Fulbere. Na jera kamarorin biyu a kan gado, ta Ziyad da Sony ɗin da Tanti ta ara min don gwaji. Yayata, Adda Nasiha, wadda ta zo ganin gida daga Ngawundere, tana kwance tana danna waya tana wani murmushi.

“Yau ake yin ta kenan,” ta ce.

“Me ake yi?”

“Au, ba ki sani ba? Ai an daina tambayarki. Gwaggo ta ce wa Baba kada ya wahalar da kansa, yarinya mai kunya da hannu take magana. In kika ce Nikon, irin ta yaron, kin yarda kayanku su haɗu, a ba su rana. In kika ce ɗayar, to ba kya so ne, kunya ce ta hana ki faɗa.”

Na saki dutsen guga a kan rigar har sai da na ji ƙauri.

“Adda, wasa kike yi.”

“Wasa? Har gidansu Ziyad an sani. Ni na faɗa wa Raudatu.” Raudatu yayar Ziyad ce, kuma aminiyar Adda tun suna firamare. Abin da ya shiga kunnen ɗaya da safe, kafin azahar yana kunnen ɗayar.

“Shi ma ya sani?”

“Ta ce ya yi faɗa, wai a bar ki ki zaɓi kayan aikinki. Amma tun ranar ba ya cin abincin kirki.”

Jama'a, kun ji gidanmu. Mutanen da ba su san inda ake kunna kamara ba sun mayar da ita wakiliyar amarya. Na zauna a bakin gado na yi tagumi. Can kuma sai na ji dariya ta zo min, don na ga ai abin sauƙi ne. Nikon ɗin ma tana cikin biyun da nake so. In ta ci gwajin yau, shi kenan, na huta da buɗe baki, na samu kamara, na samu miji, ba tare da na haɗa ido da Gwaggo ba. Na hau moto, wato babur, da jaka biyu ina addu'a a raina, Allah ka ba Nikon sa'a.

Gidan lallen ya cika ya batse. Ɗakin amarya ƙarami ne, taga ɗaya, ga hayaƙin turaren wuta, ga zafin Garwa da ba ya raga wa kowa. Tanti Berthe ta riga ni zuwa, ta ɗaure kanta da ɗankwali don kada tsofaffi su yi magana.

“Jam na, ma fille?” ta gaishe ni da Fulatanci da Faransanci, wato lafiya, 'yata. “Fara da wacce?”

“Da ta Ziyad.”

Ta ɗaga gira.

Na warware hula ɗaya, na ɗaura gilashin Malam Jafaru. Irin wannan tsohon gilashi ba ya nemo mutum da kansa, da hannu ake murɗa shi a hankali har hoton ya fito tar. Mai lalle ta gama zane, Bilki ta shimfiɗa hannuwanta a kan wani farin matashi kusa da taga, ba ta motsi don kada ya ɓaci. Na durƙusa, na murɗa, na riƙe numfashi, na danna.

Da na duba, sai da tsigar jikina ta tashi. Zanen ya fito layi-layi, fatar ta yi wani laushi da ɗumi, bayan kuma ya narke kamar babu kowa a ɗakin sai hannuwan nan. Irin hotunan da ke rataye a ɗakin Inna ne sak. Na nuna wa Tanti, ta dafe ƙirji ta ce, “Mon Dieu, tsohon nan ya san gilashi.” Ni kuwa baki har kunne. Na ce a raina, an gama.

Ashe ba a fara ba. Ƙawaye suka kunna kiɗa, ɗaki ya hargitse, wannan ta miƙe, waccan ta gitta. Kafin in murɗa gilashin in kamo fuska ɗaya, mai fuskar ta bar wurin. Na cire shi na sa na zamani na Ziyad, mai nemo mutum da kansa, kuma gaskiya ya yi aiki, ba zan yi masa ƙarya ba. Sai dai an yi kamarar ne don hannu irin nasa. Ni ɗan yatsana sai ya yi miƙa kafin ya kai maɓalli, kuma kowane abu sai na ɗaga ta na duba inda yake. Ba a jima ba wuyan hannuna ya fara ciwo.

Sai aka yi guɗa daga tsakar gida. Kakar amarya ce, tsohuwa tukuf, wadda aka ce ba ta da lafiya ba za ta zo ba, ga ta an riƙo ta tana dogara sanda, da kwalbar turare a hannu za ta fesa wa jikarta. Ban san lokacin da na ajiye ta Ziyad a cinyar Tanti na fizgi Sony ba. Irin ta nake riƙewa a situdiyo kullum, yatsuna sun san hanya ko ido a rufe. Na shige tsakanin mata kamar kyanwa. Tsohuwar ta ɗaga mayafin Bilki, suka haɗa ido, Bilki ta fashe da kuka tana dariya, tsohuwar ta buɗe bakinta da babu haƙori ko ɗaya tana dariya ita ma, turare yana sauka a kansu. Babu ƙara, babu walƙiya, ba wanda ya san ina wurin. Na bi su har aka zaunar da ita, na bi rawar, na bi yara, na bi uwar amarya da ta ɓuya a bayan ƙofa tana share ido. Batir ya ƙare, Tanti ta miƙo min nata daga aljihu, na ci gaba.

Sai da aka kira Magariba na farga ban koma kan ta Ziyad ba.

A hanyar fita Tanti ta tsaya tana duba hotunan. Da ta zo kan na tsohuwar, ta daɗe ba ta wuce ba.

“Tanti, wacce ta fi?” na tambaya, murya ƙasa-ƙasa.

“Duka biyun manya ne, kowa ya sani. Ni tambaya ɗaya zan yi miki. Wacce ce kika manta tana hannunki?”

Sai kawai hawaye. Ta ruɗe, ta ja ni gefe, na kwashe komai na faɗa mata, har da “uhm” ɗin Gwaggo. Wallahi matar nan dariya ta yi har da riƙe bango.

“Kai, ku dai! Ma fille, Allah ya ba ki baki mai sa uwar ango ta gyara ɗauri. Ki yi amfani da shi a gida mana.”

“Tanti, ba za ki gane ba.”

“Na gane sarai. Kamara za ki riƙe shekara da shekaru. Kada ki sayi wadda za ta yi miki magana ta yini ɗaya.”

Da na koma gida, ga saƙon Ziyad.

“Ya gwaji?”

Sai na tura masa hoton hannuwan Bilki. Na ga ya buɗe. Ya fara rubutu, ya tsaya, ya sake farawa.

“Da gilashin Baba?”

“Da shi.”

“Na nuna wa Hajiyarmu. Ta ce kamar shi ya ɗauka. Tana ta kuka, amma na daɗi.”

Na kifa wayar a kan matashi. Kun ga yadda na ƙara ɗaure kaina da hannuna.

Ran Juma'a bayan La'asar Baba ya aiko a kira ni falonsa. Na sa atamfata mai ganye-ganye, na yafa babban mayafi har goshi. Da na shiga, sai na ga ashe taro ne. Baba yana kan kujerarsa da farar shaddar Juma'a, akwatin tafiyarsa a gefe. Gwaggo ta miƙe ƙafa a kan darduma tana jan carbi, amma idonta ƙyam a kaina. Inna ta raɓe a bakin ƙofa kamar wucewa take yi. Adda kuwa ina ganin ƙafafunta ta ƙasan labule, da hasken waya.

Na durƙusa na gaishe su.

“To, Adawiyya,” Baba ya ce, yana kallon carbinsa. “Gobe in sha Allahu zan tashi. Wacce zan sayo?”

Sunan Nikon yana kan harshena, na rantse muku. Kalma ɗaya, Gwaggo ta yi guɗa, a wuce wurin. Amma sai na tuna wuyan hannuna, na tuna tsohuwar nan da bakinta babu haƙori. Na ga kaina a kowane biki ina laluben maɓalli, ina tuna cewa tsoron magana ne ya zaɓa min kayan aiki. Abin da ya fi damuna kuma, Ziyad ya ce in zaɓi wadda ta dace da ni, ya ba ni amanar hulunan babansa. Mutum irin wannan bai cancanci a amsa masa ta bakin kamara ba.

“Sony, Baba.”

Carbin Gwaggo ya tsaya. Inna ta sauke numfashi ta sunkuyar da kai. Ko fanka sai na ji kamar ta rage gudu.

“Innalillahi,” in ji Gwaggo. “Yaro mai hankali haka.”

Baba ya gyara zama. Ban taɓa jin muryarsa ta yi sanyi haka ba.

“To. Allah ya sa haka ne mafi alheri. Ni ba na yi wa 'ya'yana dole. Yaya Iyatu, sai a mayar wa yaron nan jakarsa, ni kuma zan kira kawunsa in ba shi haƙuri.”

Ya miƙa hannu zai ɗauki waya.

“Baba, kamara fa aka tambaye ni!”

Ni kaina na tsorata da muryata. Kowa ya juyo.

“Kamara ce Sony. Ita ta dace da hannuna, ita muke aiki da ita a situdiyo. Shi kuma...” Na ja mayafi na rufe fuska gaba ɗaya, na ji zufa tana bin bayana. “Shi kuma ina son sa. A bar su su zo.”

Guɗar da Gwaggo ta rangaɗa, ina jin har bakin kogi an ji ta. Inna ta ruga tsakar gida tana dariya tana toshe baki. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Baba ya yi gyaran murya. Ta cikin mayafi na hango shi yana kallon silin, gemunsa yana rawa.

“Ni dai ban ji komai ba,” ya ce. “Yaya Iyatu ce ta ji.”

“Na ji, Alhaji! Da kunnuwana biyu! Ashe 'yar nema tana da baki, ta bar ni ina ta safa da marwa da zoɓo.”

“To. Sony ko? Gilashi fa, wanne?”

“Mai lamba talatin da biyar, Baba,” na ce daga cikin mayafi. “In da hali har da mai tamanin da biyar, don fuskar amare.”

“Ji ta,” in ji Gwaggo. “Wannan kam ba ta jin kunyarsa.”

Na fito da gudu na faɗa ɗaki, na kwanta ruf da ciki ina dariya ni kaɗai ina dukan katifa. Jikina ya yi sakayau kamar an sauke min buhun gero daga ka. Sai na ji an shigo a hankali. Adda ce, ta yi tsuru-tsuru, waya a hannu.

“Adawiyya, kada ki yi fushi.”

Na tashi zaune.

“Kina cewa Sony na tura wa Raudatu. Ban jira sauran ba.”

“Adda!”

“Na sake turawa wallahi, amma ba ta buɗe ba. Na kira, ba ta ɗauka.”

Na lalubo wayata. Saƙonsa ya riga ya shigo.

“Ina ƙofar gida. Na zo karɓar jakar, kada a wahalar da Gwaggo.”

Na ɗauki jakar na fita, ko takalmi ban sa daidai ba. Yana tsaye kusa da motonsa ƙarƙashin darbejiya, da kayan Juma'a, hula a hannu. Ya yi murmushi, amma idonsa ya yi ja.

“Kin zaɓi daidai,” ya ce, kafin in buɗe baki. “Na ga hoton tsohuwar nan a sitatus ɗin Tanti Berthe. Ko ni ne, ita zan zaɓa. Da kin ɗauki ɗayar saboda ni, da na ji kunya.” Ya juya hular a hannunsa. “Sauran kuma, ba komai. Allah ya haɗa kowa da rabonsa.”

Ya miƙo hannu ya kama maɗaurin jakar. Ban saki ba. Ya ɗan ja, na ƙara riƙewa. Ya ɗago ya kalle ni.

Na riga na yi mai wuyar a gaban Baba, amma wallahi wannan ma ba mai sauƙi ba ce. Na kalli takalminsa na ce, “Jakar nan ba za ta koma gidanku yau ba.”

“Sai yaushe?”

“Sai ranar da za a kai ni. Ni zan riƙo ta da hannuna.”

Ya tsaya kamar an dasa shi. Hular ta suɓuce ta faɗi, bai ko duba ta ba. Ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa, mutumin da dama maganarsa a hankali take, yau ta ƙi fitowa sam. Sai wata dariya ta kufce masa, irin wadda ban taɓa ji ba, har yaran da ke ƙwallo a layi suka tsaya suna kallonmu.

Muna haka muka ji gyaran murya daga zaure. Baba ne, ya fito zai tafi masallaci. Ziyad ya zube ƙasa yana gaisuwa, ni ma na durƙusa, jakar tana lilo a tsakaninmu. Baba ya kalli hular da ke ƙasa, ya kalli jakar, sannan ya kalli hanya kamar da bishiyar yake magana.

“Ziyad, ka ce wa kawunka motar da za ta kai ni filin jirgi ba ta tashi sai bayan azahar. In suna da magana, ina gida da hantsi.”

Ya wuce abinsa. Muka bi bayansa da kallo har ya sha kwana. Gobe da hantsi fa, jama'a, ni ko kitso ban yi ba, ga Gwaggo can ciki ta fara kiran sunayen waɗanda za a gayyata. Sai da ladan ya ɗaga murya na duba hannuna, na ga har yanzu Ziyad bai saki maɗaurin ba. Ni ma ban saki ba.